Faɗa na je kallo, sai na tarar da fada

Mutumina ne ya ja min, wani ɗan Maraɗi da muke aiki waje ɗaya a nan Amurka. Shi ya fara turo min abin a WhatsApp, wai in duba wata kyamara da aka kafa a bakin wani kogi a Alaska tana nuna beyar kai tsaye suna kamun kifi. Nace masa Malam kai dai baka da aikin yi. Ashe ni zan fi shi nacin kallon, in na dawo daga aikin dare maimakon in kwanta sai in haɗa shayi in buɗe explore.org in zauna ina kallon wasu ƙattin dabbobi tsaye cikin ruwa, har na fara gane su da lambobinsu, wannan 747 ne, wancan 856, ga tsoho Otis can a lungunsa. Kuma in faɗi gaskiya faɗa nake jira. Ni mutum ne da na tashi ina bin gidan dambe, in aka ce ƙarti biyu za su kara to ko ban ci abinci ba ina wajen. Shi yasa na ƙudurta a raina sai na je na ga karon nan da idona.

Ƙarshen watan Yulin 2023 Allah Ya nufa muka tafi.

Ga wanda bai san beyar ba, tunda ba mu da ita a dazukanmu, ka ɗauko kan kare ka ƙara masa faɗi, ka ɗora a jikin da ya fi na bijimi kauri, ka sa masa tozo a kafaɗa da gashi ruwan ƙasa da farata masu tsawon yatsan mutum, to ka kusa. Babban namiji in kaka ta yi yana iya wuce kilo 500. Shi 747 ɗin nan an taɓa kiyasta nauyinsa ya kai wajen kilo 630, lambar ma dace aka yi ta zo daidai da sunan katon jirgin saman nan Boeing 747, ba don girmansa aka ba shi ba, tun yana matashi yake da ita.

Wajen sunansa Katmai, gandun daji ne na gwamnatin Amurka, kuma babu titin mota da ya kai can ko ɗaya. Daga birnin Ankorej na Alaska muka hau jirgi na kamar awa ɗaya zuwa wani ɗan gari da ake kira King Salmon, daga nan kuma sai ƙaramin jirgi irin mai sauka a kan ruwa, wanda kafin ka shiga sai an ɗora ka a sikeli kai da jakarka kamar buhun masara a Dawanau. Kuɗin tafiyar kuwa kar ma a yi maganarsa, har yau in na tuna sai na ja tsaki. Muna sama mutumina ya ga wannan ne lokacin da ya dace ya tuna min da Timothy Treadwell, Baturen nan da ya shekara goma sha uku yana zuwa zama da beyar a wannan gandun har wani ya cinye shi tare da budurwarsa a 2003. Nace haba ɗan'uwa, a nan sama za ka min wannan hirar, ka bari mu sauka mana. Minti ashirin da wani abu muka sauka a tafkin Naknek, jirgin ya ja ya tsaya a bakin yashi. Abin da na fara lura da shi ma ba beyar bane, duwatsu ne ƙanana suna yawo a saman ruwa kamar soso, na ɗauki ɗaya naji ba nauyi sam. Ashe ragowar aman wutar dutsen Novarupta ne na 1912, wanda shi ne ma dalilin da yasa aka fara killace yankin a 1918, tun kafin beyar ɗin su zama abin zuwa kallo.

Kana sauka ba inda za ka sai makaranta. Da gaske nake, makarantar beyar suke ce mata, kowa sai ya zauna an karanta masa dokoki an nuna masa bidiyo sannan a ba shi wani ɗan baji ya maƙala a riga. Kar ka matsa kusa da beyar ƙasa da yadi 50. Kar ka gudu ko me ya faru. In kun haɗu a hanya kai za ka kauce. Kar ka yi yawo da abinci, ruwa zalla kawai aka yarda, duk wani abin ci a kai shi ɗakin ajiya. Nan fa mutumina ya fara mutsu-mutsu, domin shi in ba goro a bakinsa to ba ya gane karatu, kuma akwai guda huɗu a aljihunsa da ya saya a shagon 'yan Afirka ya naɗe a leda. Ya ɗaga hannu ya nuna wa ma'aikaciyar, ta juya shi ta shinshina tace menene wannan, yace ai ba abinci bane, taunawa kawai ake yi. Tace ko cingam ba a yarda ba balle wannan. Haka goro ya tafi ɗakin ajiya, shi kuma ya wuni yana hamma yana min ƙorafi kamar ni na kafa dokar.

A tanti muka kwana, cikin wani fili da aka zagaye da wayar lantarki, ba ya ɗaukan mutum sama da 60, mu ma sa'a muka yi wasu suka fasa. Wato mu ne a cikin keji, su suna waje suna yawonsu. Ga rana ta ƙi faɗuwa, sai wajen sha ɗaya na dare muka yi magariba, isha'i kuwa sai da muka yi ta lissafi. Ba sabis na waya ko kaɗan.

Daga masauki zuwa inda ruwan kogin Brooks yake zubowa daga kan tudu tafiyar kusan kilomita biyu ce, ka haye wata doguwar gada ta sama da aka gama a 2019, sannan ka shiga hanyar ƙafa cikin bishiyoyi, ita wannan hanyar ku da beyar ɗin ne kuke binta tare. An ce mu riƙa magana da ƙarfi don kar mu yi musu ba-zata. Turawa suna ta kiran "hey bear, hey bear", shi kuwa mutumina sai ya kama "gafaranku dai masu gida, baƙi ne". Ina cikin yi masa dariya kawai sai ga wani ya fito daga kwana yana tahowa kanmu, ba babba bane sosai, irin matasan nan ne masu dogayen ƙafa, amma wallahi gwiwoyina sai da suka yi sanyi. Muka ja da baya muka shige cikin ciyawa gefe kamar yadda aka koya mana, ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Ya zo ya wuce ko kallonmu bai yi ba, sai waige yake yi bayansa, yana sauri-sauri. Bayan kamar minti ɗaya sai ga dalilin waigen, wani ƙato ya biyo hanyar a hankali kansa a ƙasa, numfashinsa har ina ji. Shi ma bai kula mu ba. A nan na fara gane cewa a garin nan ba mu cikin lissafin kowa, kowa da wanda yake tsoro kuma ba mu bane.

Akwai layi kafin ka hau dandamalin da yake daidai magangarar, mutum 40 kawai yake ɗauka, ka ba da sunanka ka jira, in ka shiga lokacinka ya cika a ce ka fito wasu su shiga. Da na leƙa na ga ruwan, abin da na fara cewa shi ne au, dama iyakarsa kenan? Tsayinsa bai fi mita biyu ba, wanda ya san Gurara ko Matsirga dariya zai yi. Kogin ma gaba ɗayansa bai kai kilomita uku ba, tafki biyu kawai ya haɗa. To amma wannan ɗan tudun shi ne komai. Kifin samon, irin wanda ake kira sokai, a ruwan daɗi ake ƙyanƙyashe shi, ya tafi teku ya yi shekara biyu ko uku, sannan ya kamo hanya ya dawo inda aka haife shi ya yi ƙwai ya mutu. Ta mashigin Bristol suke shigowa, inda a 2022 aka ƙirga kusan miliyan 79 da suka dawo kogunan yankin. Waɗanda suka biyo ta kogin Brooks in suka iso nan sai tudun ya tare su, su taru a ƙasa suna ta tsalle, wani ya haye wani ya bugi dutse ya dawo. Abinci ya taru a wuri ɗaya ɗan mitsitsi, dabbar da a ɗabi'arta ba ta son kowa kusa da ita dole ta zo ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da 'yan'uwanta. Na ƙirga goma sha bakwai a lokaci ɗaya ranar farko.

Na gyara tsayuwa nace to yanzu za a fara.

Shiru. Minti ashirin ba wanda ya taɓa wani. Kowa yana tsaye a inda yake, kuma da na ƙara dubawa sai na ga tsayuwar ba ta kara-zube bace. Akwai masu tsayawa a leɓen tudun daga sama suna jiran kifi ya yi tsalle su cafke shi a iska, wannan shi ne hoton da kowa ya sani. Akwai wani rami a ƙasa daidai inda ruwan yake dukan ƙasa yana kumfa, jakuzi suke ce masa, a nan kifi yake taruwa ya ruɗe, wanda ya samu wajen zama kawai zai yi cikin ruwa har ƙirji yana jira kifi ya goge shi ya danne da hannu. Akwai wani tafkin can tsallake jikin dutse. Sai kuma can ƙasa inda ruwa ya baje ba zurfi, nan ne na yara da marasa galihu. Wata tsohuwar Baturiya da take kusa da ni, da alama duk shekara tana zuwa don kowa ta san shi, ta ga ina ta leƙe-leƙe tace me kake nema, nace faɗa. Ta yi dariya tace ka daina kallon wanda yake cin kifi, ka kalli wanda ya daina.

Ban gane ba sai da Chunk ya zo.

Lambarsa 32, yana da wani tabo da ya ratsa hancinsa, ga ɗuwawu kamar an ɗora masa buhu biyu. Tun kafin in gan shi na ga wani da yake zaune a jakuzi, ƙato ne shi ma ba na wasa ba, ya ɗaga kai ya kalli bakin daji ya daina kamun. Sai ga Chunk ya sauko ruwa. Bai yi gudu ba, bai yi gurnani ba, tafiya kawai yake yi a miƙe zuwa ramin nan kamar dama ajiya ya ba wancan. Na cikin ya kawar da kai gefe, ya yi wata hamma, ya miƙe a hankali ya fita ta ɗaya ɓangaren yana yi kamar dama ya gaji da wajen. Chunk ya shiga ya zauna. To shi wanda aka tasa ɗin bai tafi gida ba fa, ya miƙe ya nufi wani matsakaici da yake tsaye a gefe, wancan ya ba shi wuri, shi kuma matsakaicin ya gangara ƙasa ya kori wata matashiya da ta samu ɗan dutse tana tsaye a kai, ita kuma ta ruga ta huce a kan tsuntsaye. Mutum ɗaya ya shigo, uku sun canja wurin zama, ba wanda ya ɗaga hannu. Mutumina ya dafa ni yace wannan ai fada ce, Sarki ya shigo Waziri ya matsa, Waziri ya matsa Galadima ya matsa, har a kai kan ɗan dogari. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Daga nan kallon ya canja min gaba ɗaya. Sai na fara ganin maganar da suke yi wadda da ban gani ba. Wanda yake so ya nuna shi ne, zai sunkuyar da kai ƙasa ya kafe ka da ido, ko ya juyo maka da gefen jikinsa ka ga faɗinsa da kyau ka yi wa kanka hisabi. Akwai wata tafiya da manyan maza suke yi, su sandare ƙafafu su buɗe su suna takawa da ƙarfi suna murza ƙasa, suna fitsari a jikin ƙafarsu suna tafe, tafiyar kaboyi masu aikin wajen suke kiranta, ni kuwa ba abin da ta tuna min sai ɗan dambe in ya shigo fili ana masa kiɗa yana taku ɗai-ɗai kafin ya miƙa hannu. Wani ya riƙa haɗa haƙora kana jin ƙas ƙas, yawu yana dalala. Wanda kuma ya san ba zai iya ba, ya kwantar da kunne, ya kawar da ido, ya ja da baya a hankali ba tare da ya juya ƙeya ba, wani ma har ya zauna ya kama sosa jiki. Faɗan da ya fi ƙarfinka dama ai sai ka mai da shi wasa. A hanyar dawowa an nuna mana bishiyar da suke goga baya a jikinta, gashi duk ya maƙale a ɓawon, kowa ya zo ya bar warinsa ya shinshina na wanda ya riga shi.

Kuma in ka duba lissafi ne tsagwaronsa. Dabbar nan za ta shiga rami ta kwanta kusan rabin shekara ba ci ba sha, ta fito ta zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta. Duk abin da za ta rayu da shi a 'yan watannin nan za ta tara. Kifi ɗaya yana ba da wajen kalori 4,500. Wanda ya tsaya faɗa ya karya muƙamuƙi ko ya tsage hannu a watan Yuli, ko shi ya yi nasara ya yi asara. Shi yasa in an kara sau ɗaya an san na gaba, to maganar ta zauna, gobe in an haɗu ido kawai za a haɗa. 856 haka ya riƙe kogin nan kusan shekara goma, tun wajen 2011, akasari da kallo da taku kawai. Amma a shekarar da muka je girma ya fara kama manyan, Chunk ne yake tashe, har 747 da duk girmansa da kambunsa biyu na gasar zaɓen beyar da ya fi ƙiba, 2020 da 2022, yana ba shi wuri. Na ga 747 ɗin da yamma, kunnuwansa duk a yage sun lanƙwashe, wannan kam shaidar cewa ba kullum ake rabuwa da kallo ba.

Wadda ta rikita min lissafin girman jiki ita ce Grazer, lamba 128, mai kunnuwa farare-farare. Ba ta kai mazan nan girma ba ko kusa. A shekarar ma ba ta da 'ya'ya, ta yaye su. Amma ta zo ta hau leɓen tudun ta tsaya, wani namiji da ya fi ta nesa ba kusa ba ya taho kamar zai bi ta wajen, ta juyo kawai ta dube shi, sai na ga ya yi wani dogon zagaye ya bi ta can. Na tambayi tsohuwar nan me ya faru, tace lokacin da take da 'ya'ya ba ta jira a zo mata, ita take afka wa manyan maza tun kafin su yi tunanin komai, to sun riƙe abin a ransu, yanzu ko ba 'ya'ya tana cin albarkacin sunan da ta yi. Nace a unguwarmu akwai irinta, har yau in zan wuce ƙofar gidanta sai na rage murya. Gaba ɗaya ma uwa mai 'ya'ya ba a wasa da ita a wajen nan, domin manyan maza suna kashe ƙanana in sun samu dama. Ita Grazer ɗin abin ya zo ya same ta bayan shekara ɗaya, a Yulin 2024 ruwa ya kwaso 'ya'yanta biyu daga saman tudun ya jefo su daidai inda Chunk yake, ya kama ɗaya, ta afka masa ta ƙwace amma ɗan bai yi rai ba daga baya. Ina gida na ga bidiyon, a daidai wajen da na tsaya, ranar ban iya gama shayina ba. Mutane suka huce a akwatin zaɓe, domin gasar nan ta makon ƙiba da ake yi ta intanet duk farkon kaka, wadda aka fara a 2014, ita ta kayar da shi a zagayen ƙarshe a 2023 ta sake kayar da shi a 2024. Shi kuma a 2025 ya dawo kogin da karyayyen muƙamuƙi, ya koyi cin kifi a haka, ya yi ƙiba, ya ci gasar. Ni dai ban zaɓe shi ba.

Sai Otis, lamba 480, wanda saboda shi rabin mutanen dandamalin suka zo. An yi ta fargabar ko ya mutu don bai fito da wuri ba, sai ranar 26 ga wata ya ɓullo, kwana kaɗan kafin isowarmu, a rame, ƙashin ƙugunsa duk a waje. Ya haura shekara 25, haƙoransa wasu sun zube sauran sun cinye. Shi ba ya jayayya da kowa. Akwai wani lungu can tsallake jikin dutse da har ake ce masa ofishin Otis, nan zai je ya zauna cikin ruwa ya zuba wa ruwan ido, kansa yana rangaji kamar mai gyangyaɗi a sahun baya ranar Juma'a. Na sa masa ido da gangan wajen minti arba'in a rana ta biyu. Matasa suna ta fantsama cikin ruwa suna bin kifi da gudu suna dawowa hannu biyu, shi ko motsi. Can sai ka ga kafaɗarsa ta ɗan nutsa, ya ɗago da kifi, ya juya ya jingina shi da dutse ya ci a hankali da gefen baki, ya dawo ya zauna. Biyar ya ci a gabana. Wani babba ya nufo wajen, Otis ya tashi ba musu ya matsa ya tsaya yana jira, wancan ya yi 'yan mintuna bai samu komai ba ya ƙara gaba, tsoho ya koma kujerarsa. Sau huɗu ya ci gasar ƙiba da wannan zaman, kuma an taɓa ƙirga masa kifi 42 a zama ɗaya. Bayan wannan shekarar ba a sake ganinsa a kogin ba.

Wani abin da ya ba ni haushi da farko shi ne ɓarna. Manyan in sun fara ƙoshi ba sa cinye kifin, su ɗaye fatar kamar ana cire safa, su fasa kai su sha ƙwaƙwalwa, in mace ce su matse ƙwan, sai su saki sauran jan naman nan mai kyau ya bi ruwa, naman da nake saya da tsada a kanti. Mutumina yace wannan almubazzaranci ne. Amma mai suke nema, kuma a nan man yake. Da muka koma ɗaya dandamalin na ƙasa sai muka ga inda sauran yake zuwa, matasan da uwa ta kora bana da bara suna tsaye a jere suna tsintar abin da ruwa ya kawo, tsuntsaye suna kansu suna ihu. Akwai kuma 'yan ƙwace, waɗanda ba sa wahalar kamu, su jira wani ya kama su taho masa gadan-gadan ya saki. Har da maroƙi na gani, wani ya zo ya zauna dab da mai cin kifi yana wani irin kuka ƙasa-ƙasa yana miƙa wuya, ba a ba shi ba amma ba a kore shi ba, da aka tashi ya samu jela.

Faɗan da na biya kuɗi don shi sau ɗaya na gan shi, da yammacin rana ta biyu, lokacin kifin ya ɗan ja baya kowa ransa a ɓace. Wasu maza biyu ne da girmansu ya zo ɗaya, ban san lambarsu ba, ɗaya ya kama kifi ɗayan ya taho, mai kifin ya ƙi saki. Suka tsaya baki da baki a buɗe suna wani ruri da na ji shi a katakon da nake tsaye a kai, sai suka miƙe a ƙafa biyu, mari ɗaya biyu, ɗaya ya cafki wuyan ɗayan ya girgiza, ruwa ya tashi, shikenan. Kafin in zaro waya daga aljihu an gama. Suka tsaya suna huci ba mai kallon wani, can ɗaya ya fara ja da baya taku ɗai-ɗai, da jini kaɗan a kafaɗarsa. Kifin da ake faɗan a kansa kuwa tuni ruwa ya tafi da shi, wata 'yar matashiya can ƙasa ta tsince shi ta ruga daji. Washegari da safe na ga su biyun a ruwa, mai ciwon kafaɗar yana hango ɗayan ya matsa tun daga nesa.

Ranar komawa muka kwaso kaya, mutumina ya karɓo goronsa ya jefa ɗaya a baki tun a ƙofar ɗakin ajiyar, muka nufi bakin tafki. Sai muka tarar an tsayar da kowa. Wata uwa ce da 'ya'ya biyu ta zo ta kwanta a yashi 'yan taku kaɗan daga jirginmu, ta yi rigingine tana ba su nono, da suka gama kuma duk suka yi barci. Ma'aikaci yana tsaye da rediyo a hannu yace sai ta tashi. Wani Bature ya fara faɗa yana nuna agogo wai zai rasa jirginsa na Ankorej, aka ce masa ai ga ta nan, ya je ya faɗa mata. Minti hamsin muna zaune a kan jakunkuna sauro yana cinmu.

Da muka iso King Salmon sabis ya dawo na kira Hajiyarmu, don tun kafin in tafi take cewa ita ba ta ga abin da zai kai mai hankali wajen namun daji da ƙafarsa ba. Tace to Alhamdulillahi, ka ga faɗan naka? Nace na gani Hajiya, sau ɗaya. Tace na tsawon wane lokaci? Nace bai kai sakan goma ba. Ta yi shiru, sannan tace nawa ka ce kuɗin jirgin ma? Nace Hajiya layin ba ya da kyau, zan sake kira.